Madara ce ko alkama? Nazarin lamarin wata mata da ta yi shekara biyu da rabi tana neman abincin da ke cutar da ita

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa ma'aikaciyar ofis ce mai shekara 34, uwar yara biyu, kuma nauyinta kilo 62 ne a lokacin da ciwon ya fara hana ta sakat. Watannin da za a riƙa ambata a nan an ƙirga su ne daga ranar da ta fara cire wani abu daga cikin abincinta da gangan, domin daga wannan rana ne ake da takardun asibiti da rubuce-rubucenta da za a iya dogara da su.

Tun kafin ciki ya fara damunta tana tare da wasu matsaloli da ba ta ɗauke su a bakin komai ba. Daga haihuwarta ta biyu ake gaya mata jininta bai cika ba, an kuma rubuta mata ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe har karo uku, amma awon himogulobin ɗinta, wato sinadarin jini da ake dubawa don gane ƙarancin jini, bai taɓa haura giram 10.5 a kowace desilita ba, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga macen da ba ta da juna biyu shi ne 12. Kowane karo sai a jingina abin ga jinin al'ada da shayarwa, kuma da yake bayanin ya yi kama da gaskiya, ba wanda ya ga dalilin zurfafa bincike. Akwai kuma 'yan gyambunan da kan fito mata a baki lokaci-lokaci, da kasalar da ba ta tafiya ko da ta yi barci isasshe.

Daga baya ne ciki ya shigo da nasa: kumburi bayan cin abinci, ƙugi, yawan iska, da gudawa sau uku zuwa biyar a mafi yawan ranakun mako. Ba ta taɓa yin borin jini ba, leɓenta bai taɓa kumbura ba, numfashinta kuma bai taɓa sarƙewa bayan ta ci wani abu ba. Sai a wata na 11 aka samu wanda ya tambaye ta waɗannan abubuwa uku.

Wata na 1 zuwa na 4: cire madara

Ita da kanta ta lura cewa duk safiyar da ta sha madara, kafin awa biyu cikinta ya ɗauki ƙugi, daga nan kuma sai zarya zuwa banɗaki. Ta yanke wa kanta cewa tana da aleji da madara, don haka ta bar madarar, ta bar yogot da cuku da man shanu, ta kuma guje wa duk wani abu da ta ga an rubuta madara a jikin kwalinsa.

Akwai abu biyu da mutane kan haɗa su a suna ɗaya, kuma ba a fahimtar abin da ya biyo baya sai an raba su. Aleji aikin garkuwar jiki ne. Garkuwar kan ɗauki wani furotin na abinci a matsayin maƙiyi, ta ƙera masa makamin da ake kira IgE, kuma da zarar abincin ya shiga jiki, cikin mintuna zuwa awa biyu sai alamu su bayyana: borin jini, kumburin fuska da leɓe, amai, wani lokaci har sarƙewar numfashi da faɗuwar hawan jini, wanda maganinsa na gaggawa allurar adirenalin ce. Ɗan mitsitsin abincin ya isa ya tayar da wannan duka. Gazawar narkarwa kuwa ba ruwanta da garkuwa. A madara akwai sukari mai suna laktos, wanda sai wani sinadarin narkarwa da bangon ƙaramin hanji ke samarwa, laktes, ya raba shi biyu kafin jiki ya iya tsotse shi. Idan laktes ya yi ƙaranci, sukarin ya wuce babban hanji yadda yake, ya jawo ruwa, ƙwayoyin bakteriyar da ke can kuma su rube shi su fitar da iska. Wannan yana da takura matuƙa, amma ba ya kisa, kuma tsananinsa na bin yawan abin da aka sha. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya laktes ɗinsu kan ragu bayan yaye, saboda haka zaton da matar ta yi wa madara ba shi da nisa da hankali.

Sakamakon ya zo rabi da rabi. Ƙugin safe ya tafi, gudawar ta ragu zuwa sau biyu ko uku a rana, amma kumburin yamma da kasala suna nan daram. Ba ta maye gurbin kalsiyam ɗin da take samu daga madara da komai ba. Man shanun da ta bari kuwa kusan babu laktos a cikinsa tun asali.

Wata na 5 zuwa na 8: jerin abinci ashirin da uku

Ganin an samu sauƙi da cire abu ɗaya, sai ta ɗauka saura wasu abubuwan ne da ba ta gano ba tukuna. Ta biya aka yi mata wani gwajin jini da ake tallatawa a intanet, wanda ke auna wani makamin garkuwar dabam mai suna IgG a kan abinci iri-iri masu yawa a lokaci guda. Takardar sakamakon ta dawo da abinci 23 da aka yi wa jan layi, ciki har da madara, alkama, ƙwai, yis, masara, tumatir, waken suya da ayaba. Ta cire dukkansu a rana ɗaya.

Cikin mako uku cikinta ya lafa fiye da yadda ya taɓa lafawa a shekarar. Bayan gida ya koma sau ɗaya ko biyu, kumburin ya kusan ɓacewa, kuma ba abin mamaki ba ne da ta gaskata takardar, ta kuma yaba ta ga abokan aikinta. Sai dai abin da ya rage mata ta ci bai taka kara ya karya ba: shinkafa, kaza, wasu ganyaye da 'ya'yan itace kaɗan. A ƙarshen wata na 8 nauyinta ya sauko zuwa kilo 55, gashinta ya fara zuba, ta daina cin abinci a wajen aiki da wajen taro, kuma a gida tana girki biyu a kowace rana, nata da na iyali.

Wata na 9 da na 10: gwajin da bai nuna komai ba

Ramar ce ta kai ta gaban likita. Ya duba ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani, ya haɗa shi da gudawa da rama, ya nemi a yi mata gwajin siliyak, wata cutar hanji da cin alkama ke tayarwa, wato awon makamin garkuwa da ke far wa wani sinadarin jiki mai suna tTG. Sakamakon ya fito a ƙasa da layin da ɗakin gwaji ya gindaya. Likitan bai tambaye ta ko tana cin alkama a lokacin ba, ita ma ba ta san cewa tambayar na da alaƙa da gwajin ba, alhali rabonta da alkama wata huɗu ke nan. Aka rubuta a takardarta cewa ba ta da siliyak, aka ce mai yiwuwa larurar saurin tunzurar hanji ce, aka kuma shawarce ta da ta daina wahalar da kanta ta koma cin komai.

Ta koma cin komai a lokaci ɗaya, har da madara. Kafin mako uku duk alamun sun dawo, kuma gudawar ta fi ta farko. Da yake abinci 23 ne suka dawo tare, babu yadda za a yi a ce ga mai laifin a cikinsu. Ta sake ɗauko takardarta mai jan layi a tsakiyar wata na 10, wannan karon da tsoron da ya fi na da.

Wata na 11 zuwa na 15: bincike ɗaya bayan ɗaya

A wata na 11 aka tura ta wurin wata ƙwararriya kan tsarin abinci da ke aiki tare da likitan ciki da hanji. Zaman farko ya ɗauki kusan awa guda, mafi yawansa tambayoyi ne. Wadda ta sauya alkiblar binciken gajera ce: "Malama, ranar da aka ɗebi jininki don gwajin siliyak, yaushe rabonki da burodi?"

Amsar ta rushe sakamakon wata na 9. Cutar siliyak ba aleji ba ce irin ta IgE, kuma ba gazawar narkarwa ba ce. Aba ce ta uku. A jikin mai ita, wani furotin da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rayi, wanda ake kira gulutin, kan sa garkuwa ta juya ta far wa bangon ƙaramin hanji. Bangon nan a lulluɓe yake da wasu 'yan tsirarraki masu kama da gashin darduma, su ne ke tsotse abinci, kuma su ne ke lalacewa har su shafe. Makamin tTG da ake aunawa jiki na ƙera shi ne muddin gulutin na shiga. Idan aka daina ci na wasu watanni sai ya ragu, gwaji ya fito kamar na mai lafiya. Kimanin mutum ɗaya cikin ɗari a duniya ke ɗauke da cutar, da yawansu ba su sani ba.

A nan ne kuma aka yi mata bayanin gwajin IgG. Jikin kowane mai lafiya na ƙera IgG ga abincin da ya saba ci, saboda haka yawansa na nuna sabo da abincin ne, ba cutarwarsa ba, kuma tun a 2008 ƙungiyar masana aleji ta Turai ta fitar da matsaya cewa kada a yi amfani da irin wannan awo wajen gano abincin da ke cutar da mutum. Da aka jera abinci 23 ɗin kusa da abin da take ci kullum kafin gwajin, sai aka ga kusan jeri ɗaya ne.

Aka tsara aikin mataki-mataki. Da farko an yi mata gwajin fata, inda ake ɗiga ɗan ruwan abinci a dantse a ɗan tsokane wurin, a kan madara da alkama da ƙwai da waken suya. Babu wanda ya tayar da ƙurji, kuma hakan ya dace da tarihinta na rashin borin jini. Sannan aka yi gwajin numfashi: ta sha giram 25 na laktos, ana auna iskar haidurojin da take fitarwa har tsawon awa uku, awon ya haura da fiye da kashi 20 cikin miliyan, wanda shi ne ma'aunin da ke nuna sukarin bai narke ba. Zarginta ga madara ya tabbata ta wannan fuska. Aka kuma yi gwajin ƙwayar gado, wanda abin da mutum ke ci ba ya shafarsa. Kusan duk mai siliyak na ɗauke da ɗaya daga alamun gado biyu, DQ2 ko DQ8, don haka rashinsu kan kawar da zargin cutar, amma samunsu ba ya tabbatar da ita, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na mutane na da su ba tare da wani ciwo ba. An sami DQ2 a jikinta.

A tsawon mako takwas aka mayar mata da sauran abinci 21, ana barin madara da alkama a gefe. Ana shigo da abu ɗaya, a ci shi daidai kima, a jira kwana biyu zuwa uku kafin na gaba, tana rubuta abin da ta ci da lokacinsa da abin da ta ji a wani ɗan littafi. Ƙwai, masara, tumatir, yis, ayaba, duk suka dawo ba tare da wata alama ba. Nauyinta ya tashi zuwa kilo 57.

Mataki mafi wuya shi ne na ƙarshe. Domin gwajin siliyak ya yi ma'ana sai ta koma cin gulutin da gangan, kuma ƙa'idar da hukumar tsara jinya ta Ingila ta shimfiɗa ita ce a ci shi a fiye da abinci ɗaya kowace rana na aƙalla mako shida. Ta yi jinkiri kafin ta amince, don ta san abin da ke jiranta. An sa mata yanka uku na burodi a rana, rabe a kan karin kumallo da abincin dare. A mako na biyu kumburi ya dawo, a na uku gudawa da gyambon baki, a na biyar ta nemi a tsaya, aka lallashe ta ta ƙarasa. A ƙarshen mako na shida awon tTG ya fito fiye da ninki goma na layin, an kuma auna jimillar IgA, wato nau'in makamin garkuwar da gwajin tTG ke dubawa, a jininta don tabbatar da cewa ba ta cikin 'yan tsirarun da jikinsu ba ya ƙera shi, waɗanda gwajin kan yaudara. Aka zura mata na'urar leƙen ciki ta baki, aka ɗebo 'yan ɓarɓashin nama daga farkon ƙaramin hanji, madubin likita ya nuna tsirarrakin sun kwanta. A wata na 15 aka rubuta mata cutar siliyak.

Da wannan sai tsoffin abubuwa biyu suka sami bayani. Farkon ƙaramin hanji, inda cutar ta fi yin ɓarna, nan ne ake tsotse sinadarin ƙarfe, shi ya sa ƙwayoyin ƙarin jini suka yi ta wucewa a banza. Laktes kuma a kan waɗannan tsirarraki yake zaune, don haka lalacewarsu ta tafi da shi. Sauƙin da ta samu a wata na 5 ma yana da magabaci a tarihin cutar: likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, wanda ya daɗe yana zargin alkama, ya ga yaran da ke fama da ita sun murmure a lokacin yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 da burodi ya yanke, suka kuma koma ciwo da burodi ya dawo, ya rubuta bincikensa a 1950.

Wata na 15 zuwa na 24: an bar alkama a baki, ta rage a kicin

Ba wani magani da ake ba mai siliyak in ba barin gulutin har ƙarshen rayuwa ba. Ta bar burodi, taliya, biskit, kek da duk abin da aka yi da fulawa, ta dogara da shinkafa, masara, dankali, wake, nama, kifi, ƙwai da kayan lambu. An ci gaba da barin madara, aka ba ta kalsiyam da bitamin D da sabon zagayen ƙwayoyin ƙarfe, domin ana son mai siliyak ya riƙa samun kusan miligiram 1000 na kalsiyam a rana, ita kuwa ta shafe fiye da shekara ba ta kai ko kusa ba. Awon ƙarfin ƙashi da aka yi mata ya nuna ɗan raguwa a ƙugu da ƙashin baya.

Wata uku na farko sun yi kyau. Daga nan abin ya tsaya cik: mako guda lafiya, na gaba kumburi da zawo na kwana biyu ba tare da wani dalili da ta gani ba. A wata na 21, wato wata shida da fara tsarin, tTG ya sauko amma yana nan a ninki uku na layin, himogulobin kuma 11.1. Ta dage cewa ko ƙwayar alkama ba ta sa a bakinta ba, kuma ba ƙarya take yi ba.

Ƙwararriyar ba ta ƙara cire wani abinci ba. Ta ce a kawo mata hoton duk wani kwali da kwalba da ke kicin ɗin, a kuma faɗa mata yadda ake girki tun daga ɗora tukunya har zuba abinci. Daga nan abubuwa suka riƙa fitowa. Garin hatsin da take karin kumallo da shi na masara ne, amma an zaƙaƙa shi da molt, wanda daga tsiron sha'ir ake yinsa. Romon waken suya da take ɗanɗana girki da shi da alkama ake haɗa shi. Wani garin kayan ƙamshi na gwangwani na ɗauke da fulawa a matsayin abin kauri. Burodinta marar gulutin a na'urar gasa burodin yara take gasa shi, a kan ɓarɓashin nasu. Man da aka soya abin da aka turmusa a fulawa shi ake soya mata dankali da shi, matsami ɗaya ne na taliyarsu da shinkafarta, wuƙa ɗaya ce kuma ke yawo tsakanin burodinsu da kwalbar abin shafawa. Hatsin ots da take ci ba shi da gulutin a asalinsa, amma ana yawan noma shi da niƙa shi tare da alkama, nata kuwa ba wanda aka keɓe ba ne.

Abin da ya sa waɗannan ƙananan abubuwa suka isa su hana hanji warkewa shi ne ƙanƙantar adadin da ke yin ɓarna. Wani bincike da aka yi a Italiya aka wallafa a 2007 ya nuna miligiram 50 na gulutin a rana na tsawon wata uku ya isa ya taɓa bangon hanjin mai siliyak, adadin da ke cikin abin da bai kai giram ɗaya na burodi ba. Wannan ne ya sa ma'aunin da hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex, ta amince da shi ya tsaya a kan cewa ba a kiran abinci marar gulutin sai bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba.

Karatun jikin kwali ma sai da aka sake koya mata shi, domin dokokin ƙasashe sun sha bamban. Tarayyar Turai ta wajabta bayyana rukunin abinci 14, kuma a cikinsu akwai duk hatsin da ke ɗauke da gulutin. Amurka na da tara, riɗi ne na baya-bayan nan da ya shiga a farkon 2023, amma alkama kaɗai aka lissafa a cikin hatsi, babu sha'ir, babu rayi. Kwalin da ya ce babu alkama, ke nan, bai ce babu gulutin ba, kuma a nan ne garin karin kumallonta ya sulale.

Gyaran bai ci wani dogon lokaci ba. An ware mata na'urar gasa burodi da matsami da allon yanka da cokulan katako nata, aka ba kayanta kanta ta sama don kada gari ya zubo musu, aka daina maimaita man suya, aka kuma mayar da abincin dare na gidan gaba ɗaya marar gulutin, wanda ya rage mata girki biyu. Idan za ta ci a waje ta koyi tambayar yadda aka dafa abu, ba abin da ke cikinsa kaɗai ba. Daga wata na 22 rubutun littafinta ya nuna kwana uku kacal na ciwon ciki a cikin wata biyu, biyu daga ciki bayan cin abinci a waje.

Wata na 25 zuwa na 30: dawowar madara da sakamako

Da ciki ya kwanta na wata uku a jere, aka fara gwada madara daga ƙasa. An soma da busasshen cuku mai daɗewa, wanda kusan babu laktos a cikinsa, sannan yogot, wanda bakteriyarsa ke taya narkar da sukarin, sannan madara mililita 60 tare da abinci, aka ƙara zuwa 125, aka kai 250 a cikin mako shida. Kofin mililita 250 na ɗauke da kimanin giram 12 na laktos da miligiram 300 na kalsiyam, ta kuma sha shi ba tare da wata alama ba. Da ta gwada kofi biyu a zama ɗaya ƙugi ya dawo, aka tsaya a ɗaya. Ots da aka keɓe daga alkama ya shigo bayan haka lafiya.

A wata na 27 awon tTG ya sauka ƙasa da layi, wannan karon bisa gaskiya. A wata na 30 himogulobin ya kai 12.8, nauyinta kilo 61, bayan gida sau ɗaya a rana, gyambon baki bai sake fitowa ba. Daga abinci 23 da ta taɓa haramta wa kanta, alkama kaɗai ta rage, tare da sha'ir da rayi waɗanda ko a cikin jerin ba su fito ba.

Abin da ya gaza da abin da ya yi aiki

Cire madara a watannin farko ba kuskure ba ne a kansa, domin madarar na damunta da gaske, gwajin numfashi ma ya shaida. Kuskuren shi ne tsayawa a nan. An bar jaki ana dukan taiki: gazawar narkar da laktos reshe ce, tushen kuwa hanji ne da gulutin ke ci. Ƙarancin jinin da ya ƙi ƙwayoyi har karo uku ya isa ya sa a nemi siliyak shekaru kafin ciki ya fara ƙugi, kuma a ganina wannan ce damar mafi girma da aka rasa, ta kuma faru ne a ɗakin likita, ba a kicin ɗin matar ba.

Gwajin IgG shi ya fi komai ɓarna, kuma ɓarnarsa ta zo ne ta hanyar sauƙin da ya kawo. Da bai yi aiki ba sam, da ta watsar da shi a mako biyu. Amma alkama ta faɗo cikin jerin bisa dace, don tana cin ta kullum, sai sauƙin da barinta ya haifar ya zama hujja ga sauran abinci 21 da ba su yi laifin komai ba. Kuɗin da ta biya shi ne kilo bakwai na jikinta, sannan gwajin siliyak da ya fito da amsar ƙarya, sannan mako shida na cin gulutin da gangan, waɗanda da an ɗebi jininta a wata na 4, lokacin da take cin burodi kullum, da ba ta sha su ba. Likitan wata na 9 ya yi tunanin da ya dace, ya nemi gwajin da ya dace, tambaya ɗaya ce ta kuɓuce masa, ita ce kuma ta ci wata shida.

Abin da ya yi aiki bai ƙunshi wata sabuwar fasaha ba: sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, rubuta abin da ya biyo baya, da ba kowane zargi gwajin da ya dace da irinsa, na fata ga aleji, na numfashi ga laktos, na jini da na hanji ga siliyak. A wata na 21 kuma, lokacin da mafi sauƙin abu shi ne a ƙara tsawaita jerin haramtattu, an koma an duba matsami da man suya. Sakamakon bai cika ɗari bisa ɗari ba. Iyakar kofi ɗaya na iya zama tata har abada, don mai yiwuwa tana cikin waɗanda laktes ɗinsu ke raguwa bisa gado ko da hanji lafiya lau yake, ƙashinta kuma sai an sake auna shi bayan shekara biyu kafin a san ko ya farfaɗo.

Saura 'ya'yanta. Kimanin ɗaya cikin goma na iyaye da 'ya'ya da 'yan uwan jinin mai siliyak na ɗauke da cutar, don haka aka ba da shawarar a gwada yaran biyu. Babban ya fito lafiya. Ƙaramar, mai shekara shida, wadda tsawonta ya ɗan ja baya a shekarar da ta gabata, an ba ta ranar ɗibar jini nan da mako shida, domin tun da abincin daren gidan ya sauya alkamar da take ci ta ragu sosai. Uwar ta so ta cire mata ragowar tun yanzu. An hana ta, aka ce yarinyar ta riƙa cin burodi safe da rana har sai an ɗebi jinin.